Fitilar da Ta Cinye Mana Ranar Suna

Kwana huɗu da haihuwata ungozoma ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Haka suke yi a nan Ingila, bayan an sallame ki sai su biyo ki har gida su duba ki, su duba jariri. Watan Disamba ne, a Mancesta, lokacin da magariba ke yi tun ƙarfe huɗu ba ta cika ba. Ta tarar na ja kujera bakin taga, na tuɓe yaron daga shi sai famfas, ina dakon rana. Daren jiyan Hajiya ta gan shi ta bidiyo ta ce, "Ke, idon yaron nan ya yi ruwan ɗorawa. Shawara ce. Ki riƙa shanya shi a hantsi, ki ɗan ɗiga masa gulukos, kwana biyu ta wuce. Dukanku haka na yi muku." Wane hantsi kuma a Mancesta a watan Disamba? Amma umarnin uwa ne, na zauna ina kallon hadari.

Matar ba ta ce komai ba tukuna. Ta buɗe idonsa, ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi, ta danna goshinsa da yatsa. Sai ta ciro wata 'yar na'ura kamar rimot ta ɗora masa a ƙirji, ta yi walƙiya, ta karanta lamba. Ta ce mu tashi mu tafi asibiti, yanzu, ba gobe ba. Ni kuwa ga ɗinki, ga rashin barci, ga suna saura kwana uku, sai na hau gardama. Na ce mata a garinmu shawarar jarirai ba abin tada hankali ba ce, rana ke maganinta, kuma ni da take gani digiri gare ni a kimiyyar sinadarai. Ta yi murmushi ta ce, "Madalla, ashe kin fi ni sanin cewa ba kowane haske ne ke aiki ba. Ki rufe shi kada sanyi ya kama shi." Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Abban yara ya sunkuyar da kai yana ta neman makullin motar da ke hannunsa.

A asibiti sai da muka yi awa huɗu a kan kujerar roba kafin a ba mu gado, mai jego da ɗanyen jiki, wannan kuma ba na yafe musu ba. Aka tsaga dugadugin yaro aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito likita ta nuna mini wata takarda mai layuka, gefe guda awannin da jariri ya yi a duniya, ɗaya gefen yawan sinadarin bilirubin a jininsa. Ɗigon ɗana ya haye layin farko, na sa shi a fitila. Akwai layi na biyu a sama, wanda in aka kai shi sai an canza wa jariri jini. Ta ce ba mu kai can ba, amma da mun ƙara kwana biyu a bakin taga ba ta san inda za mu tsaya ba.

Suka kwantar da shi tsirara, aka rufe masa ido da wani ɗan ƙyalle, aka kunna masa shuɗiyar fitila daga sama, aka shimfiɗa masa wani bargo mai haske ta ƙasa. Ba allura, ba sirof. Ɗakin duk ya koma bulu kamar marina. Na kwana uku ina kallonsa a haka, ina ciro shi in shayar in mayar, kuma a nan ne karatun da na haddace shekaru goma baya ya fara yi mini ma'ana.

Jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, suna mutuwa da sauri, kuma abin da suke bari shi ne bilirubin ɗin nan mai launin rawaya. Aikin hanta ne ta sarrafa shi ya fita, amma hantar ɗan kwana uku ba ta gama nuna ba. Shi ya sa kusan 6 cikin jarirai 10 ke yin shawara a makon farko, bakwaini kuwa kusan 8 cikin 10, akasari ta wuce da kanta. Matsalar ita ce bilirubin ba ya narkewa a ruwa, mai yake so, ƙwaƙwalwa kuwa cike take da mai. In ya yi yawa sai ya shige can, ya bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki har ƙarshen rayuwa. Shuɗin haske, mai tsawon zango tsakanin nanomita 460 da 490, idan ya ratsa fata sai ƙwayar bilirubin ta haɗiye shi ta murɗe, ta sauya siffa zuwa nau'in da ke narkewa a ruwa, ya bi kashi da fitsari ya fita ba sai hanta ta sarrafa shi ba. Wannan shi ne fotokemistiri, wato yadda haske ke sauya sinadari. Kwas guda muka yi a kansa a aji uku. Malam ya yi ta karanto mana daga tsohon littafinsa muna rubutawa, muka haddace, muka zuba a jarrabawa, na ci da kyau. Ko sau ɗaya ba a kunna mana fitila a ɗakin gwaji ba, kuma ba wanda ya ce mana abin nan shi ke hana jarirai nakasa a asibitin da ke tsallaken titi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai tarihin fitilar ne, wanda na karanta a waya cikin dare. A 1956, a asibitin Rochford da ke Essex, akwai wata nas mai kula da bakwaini, Sista Jean Ward, wadda ta yarda da iska da rana kamar yadda Hajiya ta yarda da su. Takan fitar da jarirai tsakar gida su sha hantsi. Wata rana aka lura fatar wani jariri ta washe ko'ina, sai wani ɗan kusurwa da gefen zani ya rufe, nan ne kaɗai ya rage rawaya. Ba a jima ba kuma aka manta kwalbar jinin gwaji a bakin taga, da aka auna sai aka ga bilirubin ɗin ya ragu sosai. Likita Richard Cremer da abokan aikinsa suka bi diddigi, suka gano shuɗin da ke cikin hasken ne ke aikin, suka haɗa fitila, suka wallafa a mujallar Lancet a 1958. Kun ga ke nan iyayenmu ba ƙarya suka yi ba, abin da suka gani da ido shi baturiyar ta gani. Bambancin kawai, can an sami wanda ya tsaya ya auna. Ita rana tsurarta tana zuwa da zafi da hasken UV mai ƙona fata, ga ƙishirwa, kuma ba ki da hanyar sanin ko lambar tana sauka ko tana hawa. Gulukos kuwa ba abin da yake yi sai cika cikin yaro ya ƙi nono, alhali nonon ne ke sa shi kashin da zai fitar da cutar.

A dare na biyu na tuna ɗan maƙwabciyarmu a gida. An haife shi lafiyayye, ya yi shawara, aka shanya shi, aka ba shi jiƙe-jiƙe. Sai da ya daina kama nono, yana wani kuka mai tsini yana banƙarewa, sannan aka nufi asibiti. Yau ya haura shekara goma, wuyansa bai tsaya ba, ba ya ji. Unguwa ta yanke hukunci cewa iska ce, wasu suka ce kishiya. Ni ma da bakina na faɗi haka, da digirina a cikin akwati. Na yi kuka a ɗakin nan har nas ta zaci ciwon ɗinki ne.

Gwajin jini ya kuma nuna ɗana yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira G6PD, abin gado ne, ya yi yawa a tsakaninmu 'yan Afirka ta Yamma, musamman maza. Mai irin wannan jini akwai abubuwan da ke farfasa masa jajayen ƙwayoyi. Likita ta fara lissafo su, na ji gabana ya faɗi: ƙwallon kafur da muke zubawa a akwatin kayan jarirai don ƙamshi da korar asu, da lalle a fatar jinjiri, da wasu magungunan da kemis zai miƙo miki ba tambaya. Mu da hannunmu muke turara kayan haihuwa da abin da zai kai yaro fitila.

Fitilar ma a gida ba a rasa ta gaba ɗaya ba. Amma masu bincike da suka zagaya asibitocin Najeriya da na'urar auna haske sun tarar da yawancin fitilun ba su kai ƙarfin da zai yi magani ba. Kwan ya tsufa, yana ci a ido amma ya mutu a aiki, ko an rataye shi da nisa, ko an ɗauke wuta, man janareta kuma sai dangi sun yi karo-karo. Ga shi ba dabara muka rasa ba. A Legas aka gwada wata rumfa da aka rufe da leda ta musamman, mai tace UV da rage zafi ta bar shuɗin ya wuce. Jarirai 447 aka sa a gwajin, aka wallafa a 2015, kuma tacacciyar ranar ta yi aiki a kashi 93 cikin 100 na kwanakin jinya, fitilar asibiti kashi 90, da sharaɗin ana auna zafin jikin yaro a kai a kai. Wata 'yar Najeriya, Virtue Oboro, bayan ɗanta ya sha da ƙyar, ta ƙera gadon jarirai mai fitilar LED da ke aiki da sola, Crib A'glow. A ce Legas mai hadari ta yi rumfar nan, mu da rana ke gasa mu wata tara a shekara muna jiran me? Kuɗin da ake kashewa a ankon suna guda zai kafa ta a asibitin karkara.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Hajiya daga Kano, ta wayar da gilashinta ya tsage, ta gane shawarar da ma'aikata biyu suka duba ranar sallama ba su gani ba, don an koya musu neman rawaya a farar fata. Masu kula da lafiyar ƙasar da kansu sun amsa wannan a wani rahoto na 2023 kan yadda ake kuskuren gane shawara a jikin jarirai baƙaƙe. Jinyar kyautar da ake ta yayatawa ma ba kyauta ba ce a wurinmu, akasarin manya masu bizar aiki kowa yana biyan fam 1,035 na lafiya a duk shekara tun kafin ya sauka jirgi. Abincin mai jego kuwa gasasshen burodi ne da shayi tsararo. Ba kunun kanwa, ba farfesu, ba tsohuwar da za ta dafa miki ruwan wanka ta gasa miki jiki. Ranar suna ta same mu a ƙarƙashin fitila. A Kano aka yanka rago, aka raɗa suna, muka ji ta waya, ina jin guɗa da hayaniyar mata ni kuma ina zaune ni kaɗai da injin tatsar nono. Ban taɓa jin kewar gida irin ta wannan safiya ba.

Tun da muka fito idona ya buɗe, ko'ina sai in ga aikin haske. Da na samu ganin likitan haƙori, bayan wata biyar ina jiran layi, farin cikon da ya sa mini taushi gare shi kamar ƙullu, ya haska masa shuɗiyar fitila na 'yan daƙiƙu ya daskare kamar dutse. Akwai gilashin taga da aka shafa wa sinadarin titaniyom dayoksaid, rana na bugunsa yana ruguza dattin da ya manne, ruwan sama ya wanke. Akwai kansar fata da ake shafa wa magani a haska mata jar fitila, maganin ya kashe ƙwayoyin cutar. Har atemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, da aka saba tatsowa daga ganye ɗan uwan tazargade, kamfanin Sanofi ya fara haɗa shi da taimakon haske a masana'antarsa ta Italiya a 2013. Hasken da ke gyara kuma shi ke ɓatawa, dalilin da ya sa ake zuba sirof a kwalba mai duhu ke nan. Sai na tuna masu tallan magani a tasha, tire a ka, ƙwayoyi suna shan ranar azahar tun safe, mu kuma muna saya muna cewa maganin zamani ba shi da ƙarfi.

Abin dariyar, hasken ranar da na baro a banza a gida yanzu da kuɗi nake sayensa. Daga Oktoba zuwa Maris hasken nan ba ya isa fata ta haɗa bitamin D, mu masu duhun fata kuwa an ce mu sha ƙwayarsa duk shekara, maikurogiram 10 kullum. Duk da haka rufin gidaje a layinmu cike yake da farantan sola, a ƙasar da ke samun kusan rabin ranar da Kano ke samu.

Ƙanwata tana da ciki wata bakwai. Na sa ta je asibitin da za ta haihu ta tambaya ko suna da fitilar shawara, yaushe aka canza kwanta, da me take ci in an ɗauke wuta. Nas ɗin ta harare ta, ta ce ko 'yar jarida ce. Na ce ta koma ta sake tambaya. Makon jiya kuma saƙon Hajiya ya iso ta hannun wani ɗan garinmu: kuka, daddawa, yajin jego, da rigunan jarirai guda shida da ta saƙa da hannunta. Tun kafin in kwance ledar ƙamshin kafur ya cika falo. Na wanke su sau uku, suna rataye a banɗaki har yanzu, nesa da yaron. Jiya ta kira tana tambaya ko sun yi masa daidai, na ce mata sanyi ne ya hana su bushewa.