Sharhi kan taskar Oxford ta waƙoƙin Yaƙin Duniya na Farko

Jami'ar Oxford da ke Ingila tana da wata taska a intanet mai suna First World War Poetry Digital Archive, wadda aka buɗe a shekarar 2008, kuma ana shiga cikinta kyauta. An tara mata abubuwa fiye da 7,000, daga hotunan rubutun hannu na mawaƙa da wasiƙunsu har zuwa hotuna da muryoyi da finafinan da aka samo daga gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum. Mawaƙa goma ne ginshiƙinta, cikinsu akwai Wilfred Owen da Siegfried Sassoon da Isaac Rosenberg da Ivor Gurney da Edward Thomas da Vera Brittain. Ainihin takardun suna warwatse a ɗakunan karatu daban-daban na Birtaniya da Amurka, saboda haka kafin zuwan wannan taska, mai son ya jera daftarin waƙa guda kusa da ɗan'uwansa sai ya sha tafiya.

Na auna wannan hidima ne da tambaya guda: shin tana taimaka wa mai nazarin adabi ya fahimci yadda mawaƙan yaƙi suka yi amfani da alamci, wato sa wani abu ya tsaya a madadin wata ma'ana, wajen bayyana firgici da raunin zuciya? Amsata ita ce tana taimakawa ƙwarai, kuma ta wata hanya da littafin da aka buga ba zai iya ba. Waƙar da ke cikin littafi ta riga ta gama shiri, kowane ɗango ya zauna daram kamar dama haka ya sauko. Taskar kuwa tana nuna takardar da mawaƙin ya yi fama da ita, da kalmar da ya soke, da wadda ya rubuta a samanta, da wadda ya sake sokewa. Duk wanda ya duba waɗannan takardu da natsuwa zai daina ɗaukar alamun da ke cikin waƙoƙin a matsayin adon harshe kawai, domin zai ga mutum ne yake laluben hanyar faɗin abin da bakinsa ya kasa faɗa kai tsaye.

Takardun Owen ne suka fi nuna wannan. A watan Afrilun 1917 harsashin igwa ya fashe kusa da shi a Faransa ya yi sama da shi, ya kwashe kwanaki a wani rami kusa da ragowar gawar wani hafsa abokin aikinsa. Daga nan aka ga ya fara karkarwa da ruɗewa, aka tura shi asibitin Craiglockhart da ke Edinburgh, inda ake jinyar hafsoshin da firgicin yaƙi ya taɓa. A can ne, a watan Oktoban 1917, ya rubuta daftarin waƙarsa mai suna "Dulce et Decorum Est", wadda ta ɗauko sunanta daga maganar mawaƙin Rum Horace cewa mutuwa saboda ƙasar haihuwa abu ne mai daɗi da dacewa. Waƙar tana kwatanta harin iskar guba: sojoji a gajiye suna jan ƙafa, aka yi kururuwa, kowa ya yi wuf ya ɗaura takunkumin kariya, sai mutum ɗaya da bai samu ya ɗaura nasa ba. Mai magana yana hango shi ta cikin gilashin takunkumi, cikin wani koren haske mai kauri, kamar wanda yake nutsewa a ƙarƙashin teku.

Wannan alama ta nutsewa ta cancanci a tsaya a kanta. Iskar gubar da aka yi amfani da ita a wancan yaƙi, tun daga harin garin Ypres da ke Beljiyam na 22 ga Afrilun 1915, tana lalata huhu har ya cika da ruwa, don haka wanda ya shaƙe ta da yawa nutsewa yake yi da gaske alhali yana kan tudu. Ashe siffantawar Owen ba ta yi nisa da zahiri ba ko da taku ɗaya. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne abin da ya biyo baya, inda waƙar ta bar labarin abin da ya wuce ta koma maganar abin da yake faruwa yanzu: a cikin kowane mafarki mutumin nan yana sake faɗowa kan mai magana yana shaƙewa, shi kuma yana kallo ba ya iya komai. Likitoci a yau suna lissafa irin wannan dawowar abu a mafarki da farke cikin manyan alamomin ciwon da firgici ke bari, amma Owen ya riga ya nuna shi da sauya lokacin aikatau kawai. A daftarin da taskar ta nuna ana kuma ganin ya fara sadaukar da waƙar ga Jessie Pope, marubuciyar da take buga baitocin zuga samari su shiga soja, daga baya ya cire sunanta. Da sunan ya zauna, da waƙar ta zama martani ga mutum ɗaya. Da ya fita, sai ta zama tuhuma ga duk wanda ya taɓa yi wa yaro kirarin mutuwa.

Haka kuma daftarin "Anthem for Doomed Youth" yana ɗauke da gyaran Sassoon da hannunsa, domin a asibitin nan ne mawaƙan biyu suka haɗu. Da farko taken yana maganar samarin da suka mutu, Sassoon ya mayar da shi samarin da mutuwa ta riga ta hau kansu, wato har da masu rai da ke jiran nasu. Waƙar kanta an gina ta ne a kan musanya: waɗanda suke mutuwa kamar shanu ba su da ƙararrawar coci sai rugugin igwa, ba su da addu'a sai ƙarar bindiga, ba su da kyandir sai ƙyallin idanun yara masu bankwana. Kowane abu na jana'iza an ɗauke shi an sa kayan yaƙi ko baƙin cikin dangi a gurbinsa. A ganina raunin da wannan waƙa take nunawa na waɗanda aka bari ne a gida, waɗanda ba su ga gawa ba, ba su kuma yi binnewa ba. Mahaifiyar Owen ta shiga sahunsu: an kashe shi ranar 4 ga Nuwamban 1918, mako guda kafin tsagaita wuta, saƙon mutuwarsa kuma ya iso gida a ranar 11 ga wata ana tsakiyar kaɗa ƙararrawar murna.

Wani sashe da nake ganin masu nazari bai kamata su tsallake ba shi ne kwafen mujallar The Hydra, wadda majinyatan Craiglockhart suke bugawa, kuma Owen ya yi mata edita bisa shawarar likitansa Arthur Brock, mai ra'ayin cewa aiki yana daga cikin magani. Shafukanta cike suke da rahoton wasanni da kiɗe-kiɗe da muhawara da barkwanci, kamar babu abin da yake damun kowa. Sai an ajiye su kusa da waƙoƙin da aka rubuta a gini ɗaya a watanni ɗaya sannan ake gane abin da W. H. R. Rivers, likitan Sassoon, ya yi bayani a laccarsa ta Disamban 1917, cewa abin da majinyaci ya danne da rana shi ne yake taso masa da dare da ƙarfin da ya fi na farko. Ya kamata kuma a tuna cewa hafsoshi ne suka samu irin wannan kulawa. Sojojin Birtaniya kimanin 80,000 aka rubuta sun kamu da lalurar firgicin yaƙi, wasu an ɗauke su matsorata, kuma sai a 2006 gwamnati ta yi afuwa ga sojoji 306 da aka harbe bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen fama da ragwanta.

Rosenberg ba hafsa ba ne, ƙaramin soja ne ɗan talakawan Yahudawa da ya tashi a gabashin Landan, kuma takardunsa sun nuna haka, domin a kan guntayen takarda ya rubuta da yawa daga cikin baitocinsa, da fensir, a inda babu tebur. A waƙarsa "Break of Day in the Trenches" ta 1916, ɓera ne ya taɓa hannun Ba'ingile, kuma mawaƙin ya san nan gaba kaɗan zai tsallaka ya taɓa na Bajamushe, ba ruwansa da iyakar da mutane suke mutuwa a kanta. Jan furen fofi, wanda waƙar John McCrae ɗan Kanada ta 1915 ta sa ya zama tambarin tunawa da matattun yaƙi, a wurin Rosenberg saiwoyinsa a jijiyoyin mutane suke, kuma kullum zubewa yake. Ya tsinki ɗaya ya maƙala a bayan kunne yana cewa nasa ya tsira, alhali mai karatu ya san furen da aka tsinka ya riga ya mutu. An kashe shi ranar 1 ga Afrilun 1918. Taskar tana da darasi na musamman a kan wannan waƙa, kuma yana cikin mafi amfanin abin da ke cikinta ga ɗalibi. Sashen Gurney kuwa yana nuna cewa yaƙin bai ƙare a 1918 ba ga kowa: ya shaƙi iskar guba a 1917, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali a 1922, ya ci gaba da rubuta waƙoƙin ramukan yaƙi a can, ya mutu a tsare a 1937.

Duk da haka, taskar tana da iyakokinta. Sunanta yana maganar waƙoƙin Yaƙin Duniya na Farko, amma mawaƙan goma duk 'yan Birtaniya ne, mace ɗaya ce tak a cikinsu. Babu Georg Trakl ɗan Austriya, wanda aka bar shi da raunanan sojoji masu yawa bayan gwabzawar Grodek a 1914 har hankalinsa ya gushe, ya mutu cikin 'yan makonni. Babu Giuseppe Ungaretti na Italiya, babu Guillaume Apollinaire na Faransa. Wannan giɓi yana da nauyi ga mai nazarin alamci, domin wanda ya karanta Owen da Sassoon kaɗai zai iya zaton cewa firgici hanya ɗaya yake bi ya shiga waƙa, wato ta fushi da tausayi, alhali Trakl ya bi ta launuka da daji da faɗuwar rana, Ungaretti kuma ya rage kalmomi har baiti ya koma ƙashi zalla. Indiya kaɗai ta ba da mutum fiye da miliyan ɗaya a wannan yaƙi, ba kuma a jin muryarsu a sashen mawaƙan. Sashen da ake kira Great War Archive, inda jama'a suka kawo kayan iyayensu da kakanninsu fiye da 6,500 aka ɗauki hotonsu, yana faɗaɗa hoton zuwa ga talakawan soja da iyalansu, amma bai cike wannan giɓi ba.

Sai kuma batun harshe da shiri. Komai da Ingilishi yake, rubutun hannun ƙarnin da ya wuce yana da wuyar karantawa, musamman inda aka yi ta sokewa, kuma taskar ma'ajiya ce, ba littafin sharhi ba. Ban da 'yan darussan da aka tanada, ba za ta ce maka ga ma'anar ɓera ko ga ma'anar koren teku ba. Ni ban ɗauki wannan aibi ba, domin gara ɗalibi ya ga takardar ya yi tunani da a miƙa masa jerin alamu da fassararsu ya haddace. Amma wanda bai taɓa karanta waƙoƙin ba zai iya ɓata a ciki. Shawarata ga malami da ɗalibi ita ce a fara karanta waƙar a bugunta na ƙarshe har a saba da ita, sannan a buɗe daftarorinta ɗaya bayan ɗaya, a rubuta kowace kalma da aka soke da wadda ta maye gurbinta, a kuma nemi wasiƙar da mawaƙin ya aika gida a watan da ya yi rubutun. Ga Owen, wasiƙarsa ta Janairun 1917 zuwa ga mahaifiyarsa, inda ya ba da labarin mai gadin da fashewar harsashi ta makantar a cikin rami, ita ce ta dace a karanta tare da waƙarsa "The Sentry", wadda bai kammala ba sai a 1918.