Wata tara da kyamarorin tsaro a sitona na Gusau

Wata tara ke nan da na sa aka haɗa mini kyamarorin tsaro a siton hatsi da nake da shi a Tudun Wada, cikin garin Gusau, kuma tunda kayan sun ga hada-hadar kaka, sun sha hazon hunturu, sun kuma jure zafin bazara, ina ganin na samu abin faɗa a kansu da kuma kan shagon da ya yi mini aikin. Abin da ya ja ni ga wannan hidima shi ne yawan tafiya, domin harkar masara da wake da waken suya kan kai ni Dawanau a Kano ko Funtuwa in kwana uku ko huɗu, kuma duk abin da ya faru a bayana sai dai in ji a bakin yaran shago. Ba zan ambaci sunan shagon da ya yi aikin ba, saboda akwai yabo akwai kuma ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma mai shagon ya gyara yawancin kurakuransa ba tare da mun kai ga sa-in-sa ba.

Kayan da ake samu a kasuwa galibi na kamfanoni biyu ne na ƙasar Sin, wato Hikvision da Dahua, dukansu kuma hedikwatarsu tana birnin Hanjo. Kowanne yana da manhajar da ake kallon kyamara da ita a wayar hannu, ta farkon ana ce mata Hik-Connect, ta biyun kuma DMSS. Mai shagon, wanda kowa ke kira Injiniya, ya shimfiɗa mini zaɓi biyu. Akwai tsohon tsari na DVR, inda kowace kyamara take buƙatar igiyar hoto da kuma igiyar wuta, akwai kuma tsarin NVR, inda igiyar intanet guda ɗaya take kai wa kyamara wuta ta kuma dawo da hoto, abin da suke kira PoE. Na ɗauki na biyun duk da ya fi tsada, da kyamara huɗu masu megafiksel 4, kuma ban yi nadama ba, domin sito wuri ne na ɓeraye, duk igiyar da aka rage an rage musu abin ci. Sharaɗin wannan tsari shi ne kada igiya ta wuce mita 100 tsakanin kyamara da na'urar naɗa, wanda bai zama mini matsala ba.

A wajen ciniki hankalina duk yana kan kallo a waya, kamar yadda na lura hankalin kowane mai saye yake, amma Injiniya ya tsayar da ni a kan maganar wuta, kuma a nan ne ya fara burge ni. Ya ce, “Alhaji, kyamarar da ke mutuwa idan an ɗauke wuta ado ce kawai, domin ɓarawo ya fi ka sanin lokacin da unguwa take duhu.” Ya ɗauki takarda ya yi lissafi a gabana: kyamara huɗu da na'urar naɗa da akwatin intanet suna cin kimanin wat 50 idan dare ya yi fitilun kyamarorin suka kunnu, wato wajen wat 1,200 a awa 24. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da ninki biyu na wannan, amma irin na ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, don haka guda ɗaya kwana ɗaya kawai zai riƙe kayan idan babu abin da ke cika shi. Da wannan lissafi muka ƙara faranti biyu na sola da ƙaramar inbata, muka ware su daga sauran wutar sito don kada wani ya jona fanka ko tukunyar shayi. Wannan ɓangare ya ci kusan rabin kuɗin aikin gaba ɗaya, na kuma yi ta gunaguni a lokacin, amma a wata taran nan sau ɗaya kayan suka mutu, shi ma a tsakiyar hunturu ne da ƙura ta lulluɓe farantan aka yi mako biyu ba a goge ba.

Inda shagon ya gaza shi ne wajen faifan ajiya. An yi mini alkawarin cewa zan iya komawa baya wata guda, sai da buƙata ta taso na tarar kwana 11 kawai na'urar take riƙewa kafin ta fara goge na baya. Dalilin kuwa lissafi ne mai sauƙi wanda ya kamata a yi mini tun farko. Kyamarar da aka saita ta riƙa turo megabit 4 a daƙiƙa tana cin gigabait 43 a yini, huɗu ke nan suna cin sama da 170, faifai mai terabait 2 kuwa ba zai kai mako biyu ba a haka. Da na yi magana, sai yaron Injiniya ya zo ya mayar da tsarin matse hoto daga H.264 zuwa H.265, wanda yake rage nauyin hoto da kusan rabi ba tare da ido ya ga wani bambanci ba, sai muka koma kwana 22 ko 23. A wannan zuwan ne kuma na gano cewa faifan da aka sa mini na kwamfutar tebur ne, ba irin wanda aka ƙera don ya yi ta rubutu dare da rana ba, kamar WD Purple ko Seagate SkyHawk, alhali kuɗin irin waɗannan na biya. Injiniya ya ce kuskuren yaro ne, ya canza ba tare da ƙarin ko kwabo ba, ni kuma na karɓi uzurin, sai dai tun daga ranar nake ba duk wanda ya tambaye ni shawarar ya sa a buɗe akwatin a gabansa ya karanta abin da ke rubuce a jikin faifan.

Kallo daga nesa yana aiki yadda aka faɗa, matuƙar akwai sabis a ɓangarorin biyu. Akwatin intanet ɗin layin waya ake sa masa, kuma idan ina Dawanau ina iya ganin mota tana sauke kaya a ƙofar sito da jinkirin daƙiƙa biyu ko uku. Abin da ba a gaya mini ba shi ne manhajar tana da hoto iri biyu, mai nauyi da mara nauyi, kuma mai nauyin yana iya cinye gigabait kusan 2 a awa ɗaya a kan kyamara guda, a layin sito da kuma layin wayata a lokaci ɗaya. A makon farko, saboda ɗoki, datar wata ta ƙare mini a kwana biyar. Mara nauyin bai fi megabait 250 a awa ba, kuma ya isa mutum ya ga wanda ya shiga da wanda ya fita. Mu mutanen Zamfara muna da dalili na musamman na kada mu dogara da kallon waya, domin ba mu manta da watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, muka yi makonni ba kira ba intanet. Saboda haka na ƙi shawarar wani abokina ta sayen ƙananan kyamarorin nan da ke tura hoto can wani rumbu a intanet kawai. Na'urata tana naɗa a faifanta ko da sabis ko babu, kuma na gwada da kaina, na cire layin na kwana biyu na dawo na tarar da komai yana nan.

Ranar da kayan suka biya kuɗinsu ba ranar kama ɓarawo ba ce. A watan Disamba lissafin wake ya nuna giɓin buhu biyu, kuma kamar yadda aka saba, idanu suka koma kan mai gadi, dattijo ne da ya shekara shida tare da mu ba a taɓa samunsa da komai ba. Na zauna da magatakardan sito bayan sallar isha'i muka koma hoton ranar Talatar da aka yi lodi, muka rage gudunsa muna ƙirga buhu a kan 'yan dako ɗaya bayan ɗaya. Da ƙarfe 4:17 na yamma aka ga magatakardan ya juya baya yana amsa waya, a daidai lokacin kuma 'yan dako biyu suka wuce da buhu a ka, bai ja musu layi a takarda ba. Motar ta tafi da 62 a maimakon 60. Na kira mai kayan a Funtuwa ya ƙirga ya tabbatar, ya turo kuɗin washegari. Da safe na kira mai gadin na ce, “Baba, ka yi haƙuri da kallon da aka yi maka,” bai ce komai ba sai “Allah ya ƙara rufa asiri, Alhaji,” ya koma kan bencinsa.

Hoton dare kuwa sai a yi haƙuri da shi, kuma wannan hali ne na duk kyamarar da ke gani da hasken da idon mutum ba ya gani. An rubuta mita 30 a kwali, kuma gaskiya ne za ka ga mutum a wannan nisa, amma gane fuskarsa sai ya matso kamar mita biyar ko shida, idan kuma ya matso da yawa fuskar ta yi fari fat. Hasken yana jawo ƙwari, ƙwari suna jawo gizo-gizo, zare ɗaya na saƙarsa a gaban gilashi kuwa ya isa ya mayar da hoton dare gaba ɗaya hazo, ya kuma sa waya ta yi ta ƙara cewa an ga motsi. Maganinsa tsumma ne a kan dogon kara duk ranar Juma'a, da ƙwan fitila ɗaya da muka sa a gefen ƙofa nesa kaɗan da kyamarar. Masu haɗawa sun kuma ɗora kyamarar ƙofa can ƙarƙashin kwano don tsoron kada a sace ta, sakamakon haka wata guda muna naɗar huluna da rawuna, sai da aka sauko da ita zuwa kamar mita uku sannan fuskoki suka fara fitowa.

Ƙorafina mafi girma shi ne maganar kalmar sirri. Na'urar tana ɗaurewa ne a kan asusu guda ɗaya, mai wannan asusu shi ne mai iko, shi yake ba wasu izinin kallo. Yaron da ya haɗa ya ɗaure ta a kan asusunsa, ni mai kaya ya ba ni izini kamar baƙo, ban kuwa sani ba sai da na so in ƙara wayar ƙanena aka ce ba ni da wannan iko. Ma'ana, wata huɗu wani yana iya kallon cikin sitona duk lokacin da ya ga dama. Ban zarge shi da mugun nufi ba, na fi zaton sauƙaƙa wa kansa aikin gyara ya yi, amma ban bar shagon ba sai da aka kwance na'urar aka ɗaure ta da lambata, na kuma sa sabuwar kalmar sirri da hannuna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da na'urorin naɗa a duniya ta hanyar gwada kalmomin sirrin da aka fito da su daga masana'anta waɗanda masu kaya ba su canza ba, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafukan intanet a Amurka.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta, wanda ni da Injiniya duk ba mu yi tunaninsa ba. Kyamarar bayan sito tana hango wani yanki na tsakar gidan maƙwabcina ta saman katanga, inda iyalinsa suke girki da wanki. Shi ya zo da kansa cikin mutunci ya ce, “Alhaji, wannan idon naka yana leƙa mini gida.” Kunya ta kama ni, domin da ni aka yi wa haka ban san ko zan iya yin magana a hankali kamarsa ba. Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma tun kafin a je ga doka, addini da al'ada sun hana leƙen gidan mutum. Aka karkatar da kyamarar ƙasa, aka kuma toshe wannan kusurwa da baƙin tambari daga cikin saitin na'urar, na kira shi ya duba allon da idonsa kafin ya tafi.

Idan aka tambaye ni ko zan sake ba wannan shago aiki, zan ba su, saboda sun iya lissafin wuta, sun binne igiyoyi cikin bututu da tsafta, kuma duk lokacin da na kira suna zuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, sai dai wannan karon zan tsaya a kansu daga buɗe kwali har ɗaure asusu. Abin da ya rage tsakaninmu yanzu shi ne ƙarfen kariya daga tsawa da suka ce za su kafa tun watan Maris, ga shi ruwa ya sauka sau uku a Gusau, har yau sandar tana jingine a bayan ƙofar sito.