LSU ta 2019 ko Michigan ta 2023?

A gasar ƙwallon zari-ruga irin na Amurka (American football) ta jami'o'i, kowacce daga ƙungiyoyin nan biyu, LSU (Jami'ar Jihar Louisiana) da Michigan, ta buga wasa 15 ta cinye duka, amma salonsu ya sha bamban.

Michigan da tsaron gida ta ɗauki kofi. Ta fitar da Alabama 27-20 bayan ƙarin lokaci, ta lallasa Washington 34-13 a wasan ƙarshe, alhali kocinta Jim Harbaugh ya yi wasa shida a dakace.

Ni dai LSU ce ta tafi da hankalina. Joe Burrow, ɗan wasanta mai jefa wa abokan wasa ƙwallo, ya jefa ƙwallo 60 da suka zama ci a kaka guda, abin sai wanda ya gani! Sun bi Alabama har gida, gaban dubban magoya bayanta, suka doke ta 46-41, sannan suka gama da Clemson 42-25 a wasan ƙarshe.