Manhajar juya hoton iPhone zuwa JPG: ta fitar da ni kunya da dare, ta kashe min kalar anko da safe

Tauraro biyu na ba ta cikin biyar, kuma wallahi da huɗu na zauna zan bayar, sai da na fara rubutu abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya. Manhajar nan ce mai juya HEIC zuwa JPG, ba zan kama suna ba don irinta sun fi a ƙirga, da ka rubuta HEIC a wurin nema za su zubo maka kuma duk kusan kamarsu ɗaya.

Ga wanda bai taɓa cin karo da abin ba, tun 2017 da iOS 11 ya fito, iPhone daga 7 zuwa sama idan ta ɗauki hoto ba JPG take ajiyewa ba, HEIC ne. Amfaninsa yana cin kusan rabin wurin da JPG zai ci kuma kyan hoton na nan, mu masu waya mai gig 64 kam ba mu da ta cewa. Muddin hoton na cikin wayarka ba za ka ma san da zancen ba, ko ta WhatsApp ka tura shi a matsayin hoto zai isa a JPG, sai dai an matse shi ya rage kyau. Ranar da za ka sani ita ce ranar da aka ce maka turo a dokumen, don a nan hoton yadda yake a HEIC zai tafi.

Bikin ƙanwata ne, ni aka ɗora wa kayan rabo, kalanda da jota da sitika. Hotunan amarya da ƙawayenta cikin anko duk da wayata aka ɗauka. Mai buga mana ya ce Hajiya dan Allah a dokumen za ki turo kar su fashe in an faɗaɗa, na tura, bayan isha'i sai ga kiransa, Hajiya wannan abin da kika turo ai ba hoto ba ne, kwamfutata ta ƙi buɗe ko ɗaya. Na ce Malam ni ga su nan ina kallo a wayata, ya ce to ni dai farin abu kawai nake gani. Ashe Windows 7 ce a kwamfutarsa, ita kuwa ba ta san wani HEIC ba, ko Windows 10 ma sai an ƙara mata wani abu kafin ta buɗe. Shi kuma da sassafe yake so ya fara bugu tunda akwai wuta, ga aikin wasu a layi, ga biki ya matso.

A nan ne na sauke manhajar, kuma gaskiya dai a daren nan ta yi min rana. Ba ruwanta da buɗe asusu, ka zaɓi hotuna da yawa a lokaci ɗaya ka danna, kafin ka ajiye wayar ta gama. Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne na kashe data na gwada ta yi aiki, ke nan a cikin wayar take juyawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, domin shafukan intanet masu yin wannan aikin sai ka ɗora musu hoton ya tafi can wurinsu kafin su dawo maka da shi, ni kuwa a cikin hotunan akwai na ranar lalle, mata zalla ba mayafi, ba zan ɗora wa wanda ban sani ba ko da ya rantse zai goge. To nan kam na yaba.

Amma kyautar tasu 'yan hotuna ce kaɗan, daga nan sai talla, kuma tallar caca ce wadda ba ta da wurin rufewa sai ta gama. Ana haka sai ga wani ƙaton maɓalli wai gwaji kyauta na kwana uku, na danna, talla ta ɗauke, na juya sauran na tura wa Malam ya ce yauwa yanzu sun buɗe. Na kwanta ina sa musu albarka.

Sai da aka kawo kalanda. Jama'a ankon nan ja ne mai duhu irin na zoɓo, mun sha yawo a kasuwar Kwari kafin mu samu wanda ya isa kowa, amma a kalanda ya fito kamar atamfar da ta shekara tana shan wanki da rana, ba ja ba ba ruwan hoda ba. Koren ɗankwalin amarya shi ma ya mutu, fuskokin kuma duk sun yi fari fau kamar marasa lafiya. Goggonmu ta ɗaga ta duba ta ce wannan kuma wane anko ne, ko sun yi na biyu ba a gaya min ba? Amarya dai kuka ne kawai ba ta yi ba. Na kira Malam raina a ɓace, ya rantse ba injinsa ba ne, ya ɗauko hoton fuskar kwamfutarsa ya turo min, kuma tabbas tun a can kalar a mace take. Na buɗe wanda manhajar ta juya na ajiye kusa da na asali a wayata, bambancin na nan ƙarara, da dare ne ido bai kama ba.

Ƙanena da ke aikin zane a kwamfuta shi ya warware min. Ya ce Yaya, iPhone tana ajiye kala a wani tsari mai faɗi da ake kira Display P3, kuma kowane hoto yana ɗauke da ɗan bayani a cikinsa da ke gaya wa kwamfuta yadda za ta karanta kalolin. Manhajar ta juya hoton ta zubar da bayanin, sai kwamfuta ta ɗauka tsarin da aka saba ne wato sRGB, kuma ja da kore su suka fi shan wahala in aka yi haka. Ba shi kaɗai ta zubar ba, har kwanan watan da aka ɗauki hoton, yanzu duk hotunan sun koma na daren da na juya su, na lalle da na anko sun cakuɗe ba ka san na gaba ba. Wasu ma a kwance suka isa, Malam ne ya miƙar da su da kansa bai gaya min ba. Ba inda manhajar ta tambaye ni ko ina so a bar bayanin ko a cire, ba gargaɗi ba komai.

Abin da ya ƙara min haushi, ƙanen nawa ya karɓi wayar a gabana ya yi aikin ba tare da wata manhaja ba. Ya ajiye hotunan a Files, wurin ajiyar fayil na iPhone, ya danne hoto ya riƙe, Quick Actions, Convert Image, JPEG, ya zaɓi girman asali, shi ke nan, tun iOS 16 abin yake a ciki. Ya ce ko tsohuwar waya ce ka kwafi hoton daga Photos ka liƙa a Files zai sauka a JPG. Muka tura wa Malam, jan ya dawo yadda yake. Sitika da jota aka gyara don ba a gama su ba, kalanda kuwa haka aka raba ta, wa zai sake biyan kuɗin bugu ana jibi ɗaurin aure. Sannan ƙanen nawa ya shiga Settings, Camera, Formats ya mayar min Most Compatible don wayar ta riƙa ɗauka a JPG tun farko, sai dai wannan bai taɓa tsofaffin hotuna ba kuma wuri zai fi saurin cika, wannan ka sani kafin ka canza. Masu Samsung ma ku leƙa saitin kyamararku akwai irinsa a can.

Abu ɗaya da har yanzu zan ce manhajar ta fi wayar, tana bari ka rubuta daidai KB nawa kake so hoton ya koma, wanda yake da amfani in za ka ɗora fasfo a shafin rajistar makaranta da ke cewa kar ya wuce kaza. Ga fasfo mai farin bango kala ba ta dame ka ba. Da a nan suka tsaya da ban ce komai ba.

Na goge ta bayan biki na manta da ita, sai alat ya fara shigowa daga katin dalar da nake biyan iCloud da shi, kuma ba na wata ba, duk mako suke cira, an rubuta hakan da wani ɗan mitsitsin rubutu mai ruwan toka a ƙasan ƙaton maɓallin nan. Goge manhaja ba ya tsayar da biyan, sai ka shiga Settings ka danna sunanka ka shiga Subscriptions ka soke da hannunka. Kuɗin da suka cira kafin na tsayar ya fi datata ta wata. Na rubuta musu imel na haɗa da hoton kalandar da na asali gefe da gefe, na ce ko ba ku mayar min da kuɗi ba ku gyara wannan kar ya samu wata. Amsar da ta zo ta na'ura ce, wai sun ji daɗin yadda nake jin daɗin manhajarsu, kuma in na biya na shekara za su yi min ragi.