Injin ƙyanƙyasa mai ƙwai 128 da na saya: lambar da yake nunawa daban, zafin cikinsa daban

Wata goma sha ɗaya kenan da na sayi injin nan, kuma na zuba masa ƙwai sau bakwai, shi yasa nake ganin yanzu na isa in faɗi abun da na gani da idona tunda 'yan uwa masu kiwo a gida sun dame ni da tambaya wai in sun samu kuɗi su saya ko kar su saya. Injin irin na roba ne ɗan Chana, mai hawa biyu, kowane hawa yana ɗaukar ƙwai 64, yana da rola da ke juya ƙwan da kanta, yana aiki da wutar gida yana kuma aiki da batir mai 12V, in an ɗauke wuta da kansa yake komawa batir. A Kano na saye shi da kuɗin adashena, a farkon hunturu.

Bari in fara da abun yabo don hakkinsa ne. Ba ya cin wuta sosai, rolar bata taɓa tsaya min ba ko sau ɗaya, murfin da jikin ana hango ciki ba sai an buɗe ba, wankinsa ba wuya, kuma komawarsa batir ɗin nan ba ƙaramin rufin asiri bane ga wanda yake unguwa irin tamu da wuta ke zuwa yadda ta ga dama. Mai shagon ma bani da ƙorafi a kansa, ya kunna min a gabana ya nuna min maɓallan, da na koma da kuka kuma bai kore ni ba.

Toh amma matsalar da ba wanda ya faɗa min, kuma ita ce ta ci min ƙwai, ita ce zafin cikin injin ba ɗaya bane. Hita da fanka duk a murfi suke can sama, ɗan sansan da ke auna zafin shima a sama yake rataye, saboda haka lambar nan ja da kike gani a fuskar injin, digiri 37.8, zafin wajen da sansan yake ne kawai take faɗa miki, bata san halin da ƙwan da ke lungun ƙasa yake ciki ba.

Zubin farko ƙwai 90 na saka, na kajin gida da na tara da wanda na saya wajen wani dattijo da muke sayen kaji a hannunsa. Rana ta bakwai na haska da tocila na cire 16 da ba komai ciki, saura 74 duk da jijiyoyinsu jajaye gwanin sha'awa, ina ta murna ina lissafi. Kaza kwana 21 take yi kowa ya sani, amma ni daren kwana na 19 na fara jin tsiyau tsiyau, na leƙa na ga na tsakiyar hawan sama sun fara fasa ɓawo. Da suka fito wasu cibiyarsu bata rufe ba, ja jawur da ɗan jini, biyu kuma ƙafafunsu a warwatse sun kasa tsayuwa. Na hawan ƙasa shiru. Kwana 21 shiru, sai a na 22 da na 23 suka fara fitowa ɗaya ɗaya a galabaice, jikinsu na danƙo, cikinsu a kumbure. Na lungunan ƙasa kuwa ko motsi. Da na gaji da jira na fasa su a bayan gida, wallahi ɗan tsako ne cikakke da gashinsa da bakinsa, ya naɗe kansa a ciki ya mutu, gwaiduwar bai gama shanye ta ba. Ranar ban iya cin abincin dare ba. 38 kawai na samu a cikin 74, a cikinsu ma biyar basu yi sati ba.

Na koma wajen mai shago nace Alhaji injin nan ka bani mai matsala ne, yace Hajiya ki yi haƙuri, duk irinsu haka suke, sai an koyi halinsu, ki samu abun auna zafi ki gwada shi ba ƙwai a ciki. A lokacin na ɗauka kare kansa yake yi. Wanda ya sa maganar ta zauna min shi ne dattijon nan mai kaji, da na ba shi labari sai yace 'yata ke baki taɓa zama kin kalli kaza a kan ƙwai ba? Yace ai ita ma ƙarƙashinta ba zafi ɗaya bane, na ƙirjinta ya fi na gefen fiffike ɗumi, shi yasa kullum zaki ga tana sa baki tana jawo na waje ciki tana tura na ciki waje. Nace Baba wallahi na sha gani amma na ɗauka juyi kawai take yi. Rolar inji tana mirgina ƙwai a inda yake ne, bata ɗauke shi daga lungu ta kai shi tsakiya, wannan aikin naki ne.

Sai na je kemis na sayi tamomita guda huɗu, irin ta gilashi da ake auna zazzaɓi, don ita an yi ta ne daidai tsakanin digiri 35 zuwa 42 kuma nan ne inda muke buƙata. Na fara tsoma su duka a kofi ɗaya na ruwan ɗumi don in tabbatar bakinsu ɗaya. Abu ɗaya da ya kamata a sani, irin wannan tamomitar in ta hau bata sauka sai an kaɗa ta, kenan in kika ajiye ta haka kawai a cikin inji zafi mafi yawa da hita ta buga zata riƙe miki, ba zafin da ƙwai ke zaune a kai ba. Dabarar da nayi, na samu ƙananan kwalaben maganin yara na wanke na cika da ruwa, na ajiye su a wurare huɗu, na kunna injin ba ƙwai ya kwana ya wuni, sannan na kaɗa tamomitocin na tsoma kowacce a kwalbarta na rufe na ba su kamar awa ɗaya. Ruwan kwalba yana ɗumama a hankali yana hucewa a hankali kamar cikin ƙwai.

Fuskar inji tana cewa 37.8. Tsakiyar sama 38.4. Gefen sama 37.7. Tsakiyar ƙasa 37.2. Lungun ƙasa na ɓangaren bango 36.4. Digiri biyu cur tsakanin wani ƙwai da wani a cikin akwati ɗaya, alhali abun da ake so a inji mai fanka shi ne 37.5 zuwa 37.8, rabin digiri ma in ya ɗore kwana da kwanaki sai ya nuna a jikin ɗan tsako. Nan na gane komai, na sama zafi ya gaggauta su suka fito cibiya bata gama rufewa ba, na ƙasa sanyi ya ja musu kwanaki har ƙarfin fasa ɓawo ya ƙare.

Farkon abun da na gyara ko sisi bai ci ba. Ashe ni na jingina injin da bango kusa da taga, ga hunturu, iskar asuba tana bugun gefe ɗaya. Na mayar da shi ɗakin ajiya a kan tebur, na bar tazara tsakaninsa da bango ta kowane gefe, na shimfiɗa kwali da tsohon bargo a ƙarƙashinsa. Sannan farin soson nan da injin ya zo a cikinsa cikin kwali, dan Allah kar ki yar da shi, ni Allah ya taimake ni yara basu farfasa shi ba, rigar sanyin injin ce, na mayar masa na yanke daidai ƙofofin iska don kar su toshe. Ɗan tsakon da ke cikin ƙwai numfashi yake yi ta ɓawo, in kika lulluɓe inji ruf da bargo don neman ɗumi kin kashe su ta wata hanyar.

Bayan nan na kira yaron da ke mana gyaran sola ya ɗaura min ƙaramar fankar kwamfuta mai 12V a hawan ƙasa, ya karkata ta gefe yadda ba zata hura ƙwai kai tsaye ba, iska kawai take zagayawa da ita. Lungunan ƙasa huɗu kuma na daina sa ƙwai a nan gaba ɗaya, robobin ruwa ƙanana nake ajiyewa a rufe, suna riƙe ɗumi, in an buɗe murfi ko wuta ta yi wasa zafin baya faɗuwa da sauri. Da na sake gwaji bambancin ya dawo ƙasa da digiri ɗaya. A cikin saitin injin akwai wajen daidaita sansa, a nawa an rubuta CA, na taɓa shi kaɗan yadda lambar fuska zata zo kusa da abun da tamomita ke faɗa, amma a kula, wannan saitin ɗaga zafin duka yake yi ko ya sauke shi duka, baya haɗa sama da ƙasa su zama ɗaya. Wata ƙawata ta ga hawan ƙasa da sanyi ta ƙara lamba zuwa 38.5, na samanta suka dahu.

Sauran bambancin da ya rage kuma da hannu nake cinye shi, irin na kaza. Ina rubuta lamba a kan kowane ƙwai da fensir, ba biro ko maka ba. Kullum bayan sallar azahar, lokacin da ɗaki ya fi ɗumi, nake musanya hawan sama da na ƙasa, duk bayan kwana biyu kuma na gefe su koma tsakiya na tsakiya su koma gefe, hannu a wanke a bushe, cikin minti biyu zuwa uku na gama na rufe. Mutane suna tsoron buɗe inji amma ɗan wannan hucewar bata komai, kaza ma tana tashi ta ci ta sha ta yi birgima ta dawo. Ruwan da nake ƙarawa kuma mai ɗumi ne, ruwan randa in kika zuba a hunturu sai kin ga lamba ta faɗi ta daɗe bata dawo ba. Kuma na daina cika shi 128, iyakata 100, iska ta fi samun hanya.

Wani abun da ban sani ba sai da na gani, daga wajen sati biyu ƙwan da kansa yake fara fitar da zafi saboda ɗan tsakon ya girma, inji cike da ƙwai masu rai sai tsakiyarsa ta fi da zafi ko ba a taɓa saiti ba, shi yasa kwalba ɗaya da tamomita bana cire su har ƙarshe. Rana ta 18 nake cire rola in shimfiɗa raga, in ƙara ruwa danshi ya tashi daga wajen kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari ya kai 65 zuwa 70, in sauke zafi kaɗan zuwa 37.3, daga nan ba musanya ba buɗewa sai sun gama fitowa sun bushe. Ma'aunin danshin injin kam ban yarda da shi ba sam, akwai ranar da kwanon ruwa ya bushe ƙaf yana nuna min 60. Gurbin iskan da ke kan ƙwai ta ɓangaren mai faɗi nake dubawa da tocila, in ya yi girma da wuri ruwa ya yi kaɗan, in ya ƙi girma ruwa ya yi yawa. Zubi na uku na samu 71 a cikin 83 masu rai, kuma kusan duk a cikin kwana ɗaya da rabi suka fito, wannan fitowa tare ɗin ita ta fi faranta min rai fiye da yawan.

Inda injin nan bai da dabara ko kaɗan shi ne bazara. Ɗumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba. A watan Afrilu da rana ɗakin kansa ya wuce abun da ƙwai ke so, hita a kashe amma lamba tana hawa 39, ƙararrawa tana ta ƙara ba abun da zai iya yi. Na cire masa soso, na jiƙa buhu na rataya a taga, na yayyafa ruwa a ƙasa, ya ɗan taimaka amma zubin nan rabi na samu, baɗi in Allah ya kai mu daga tsakiyar Maris zuwa saukar ruwa hutawa zai yi. A kan batir ma na lura hitar bata da ƙarfi kamar a wuta, daren hunturu in wuta ta daɗe bata dawo ba hawan ƙasa ne ke fara sanyi, kuma tsohon batirin mota baya kai ki asuba, sai da na haɗa da batirin sola na samu barci.

Da damina na gwada ƙwan zabi sau biyu tunda lokacin ne suke zuba, su kwana 26 zuwa 28 suke yi, ɓawonsu da kauri haskawa sai a ɗaki mai duhu sosai, sun fito lafiya da wannan tsarin na musanya. Kar dai a haɗa su zubi ɗaya da na kaza, ranar tsayar da juyi da ƙara ruwa ba ɗaya bace.

Masu tambaya ko su saya, in kina gida kuma zaki iya ba shi minti biyar ɗin nan kullum ba fashi, ki saya, ya mayar min da kuɗina tuni. In kuwa fita kike yi tun safe sai magariba, ko yara zaki bar wa, gara ki ɗauki mai hawa ɗaya na 64 ko 56, bambancin zafinsa bai kai na mai hawa biyu ba tunda duk ƙwan suna kusa da fanka. Kowanne dai kika ɗauka, ki biya ta kemis a hanyar dawowa, kuma kar ki sa ƙwai ko ɗaya sai ya kwana ya wuni a kunne kin auna lungu da tsakiya, ƙwan da zaki zuba kuma kar ya wuce sati da yi. Yanzu haka akwai 96 a ciki yau kwanansu 11, jiya na haska na cire tara, kuma sanyi ya fara shigowa da asuba, na riga na mayar masa da sosonsa.