Into the Breach: wasan da ba ya ɓoye maka komai, amma sai ka yi gumi

Duk mai sha'awar wasan da ake zama a yi dogon nazari kafin a taka, ina ba shi shawarar ya nemi Into the Breach, wasan bidiyo da kamfanin Subset Games na Justin Ma da Matthew Davis ya fitar a watan Fabrairun 2018. Filin daga gida takwas ne a tsaye, takwas a kwance, kuma motocin yaƙi uku kacal ake ba ɗan wasa domin ya kare birane daga wasu ƙattin ƙwari da ake kira Vek, masu ɓullowa daga ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya sa nake ganin darajarsa shi ne, kafin ka motsa, kowane ƙwaro ya riga ya nuna gidan da zai kai wa hari da irin ɓarnar da zai yi. Saboda haka kisa ba shi ne babban aiki ba. Sau da yawa za ka ga ƙwari huɗu sun auna gine-gine alhali motocinka uku ne, sai ka tura ɗaya cikin ruwa ya nutse, ka gusar da wani gida guda domin harinsa ya faɗa kan ɗan'uwansa, sannan ka tsayar da motarka a gaban ginin da ya rage ta sha dukan a madadin mutanen da ke ciki. Wanda ya saba zaman dara zai gane daɗin da ake ji idan taku ɗaya ya warware matsala biyu. Gine-ginen nan su ne ke ba da wutar lantarkin da rundunarka ta dogara da ita, kuma asarar da aka yi a wannan fage tana bin ka zuwa na gaba. Ranar da wutar ta ƙare, wasa ya tashi, sai ka zaɓi matuƙi ɗaya ka koma da shi farko.

Wahalarsa ta gaske ce. Sau ɗaya tak ake yarda ka warware takunka gaba ɗaya a kowane fage, kuma mutum na iya shafe minti goma yana kallon allo bai taɓa komai ba. Abin da ban cika so ba shi ne ɗan rabon sa'a da aka bari, inda wani lokaci gini kan tsira daga duka haka kawai, domin a ganina bai dace da wasan da ya ginu kan lissafi ba.

Ana samunsa a kwamfuta da na'urar wasan bidiyo ta Nintendo Switch, kuma a watan Yulin 2022 an ƙara masa sababbin runduna da makamai kyauta. A waya kuwa sai mai rajistar Netflix ne zai iya saukewa. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya fara da mataki mai sauƙi har sai ya laƙanci yadda ture da gusarwa ke aiki.