Motar Gudu Da Aka Yi Wa Ƙari: GT-R, Supra, Porsche 911 Turbo Ko BMW M?

Dillalin motocin gudu da adadin doki, wato ma'aunin ƙarfin inji, yake buɗe baki. Zai ce maka wannan an ɗaga ta zuwa doki 700, waccan ta haura 900, sannan ya nuna maka bidiyon allurar maleji tana haye kilomita 300 a awa. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne hannun direban, ko sitiyarin yana nan daram ko kuwa ya yi sako-sako kamar an ɗaga gaban motar daga kwalta. A wurina nan cinikin yake. Ƙara wa injin turbo ƙarfi ya yi araha yanzu, a jona kwamfuta a sauya lissafin mai da iska, shi ke nan. Amma sa mota ta zauna lafiya a wannan gudun aikin bodi ne da taya da ƙafa da birki, kuma shi masu ƙari suka fi tsallakewa saboda ba ya fitowa a talla.

Iska ce ke kashe wa mutane kuɗi. Idan ka ninka gudu, turjiyar iska takan ninku sau huɗu, ƙarfin da inji ke buƙata don ya keta ta kuma sau takwas. Daga kilomita 250 a awa zuwa 300 kaɗai, sai an ƙara kusan kashi 73 cikin ɗari na ƙarfin da ake kashewa wajen ture iska. Shi ya sa doki ɗari na ƙari yakan sa mota ta fizge ka a tashi, amma a ƙarshen gudu ɗan abin da zai ƙara bai taka kara ya karya ba. Iskar nan kuma ba ture mota kawai take yi ba, ɗaga ta take yi. Audi TT ta farko, wadda ta fito a 1998, ta yi munanan haɗurra a manyan hanyoyin Jamus saboda bayanta yakan yi sauƙi idan ana tsananin gudu aka sauya layi ko aka saki totur. Sai da kamfanin ya janye motocin, ya ɗora musu ɗan fiffike a baya, ya gyara ƙafa, ya kuma sa na'urar hana sulɓi. Motar da injiniyoyin kamfani suka gwada ke nan. Ka auna wadda aka ɗaura wa bamba da faffaɗan gefe a gareji saboda kyan gani.

Kishiyar wannan ita ce Ruf CTR ta 1987, mai ruwan ɗorawa, wadda ƙaramin kamfanin Ruf na garin Pfaffenhausen ya ƙera a kan Porsche 911. Dokinta 469 ne kacal, amma ta kai kusan kilomita 340 a filin gwaji na Ehra-Lessien, ta bar Porsche 959 da Ferrari Testarossa a baya. Sun ƙi faffaɗan bodin Turbo suka ɗauki siriri, sun aske har magudanar ruwan da ke gefen rufi, sun rage nauyi. Duk wanda zai sayi motar da aka yi wa ƙari ya riƙe wannan labarin a ransa.

Nissan GT-R R35 ita ce zan fara sa wa a gaba ga mai son gudu da kwanciyar hankali lokaci guda. Ta fito a 2007 da injin V6 mai lita 3.8 da turbo biyu, doki 480, kuma daga kamfani tana haura 300. Duka tayoyi huɗu ke ja, akwatin giya yana baya don nauyi ya rabu, an shafe ƙarƙashinta sumul domin iska ta wuce. Tana da nauyi, wajen kilo 1,740, kuma tazarar gatarin gaba da na baya mita 2.78 ce, don haka iskar gefe ba ta cika jijjiga ta ba. Inda take ciwo shi ne giya. Akwatin giyarta mai kulochi biyu yana ɗaukar zafi, kuma idan an ɗaga ƙarfi sosai ba tare da an sauya kulochi an ƙara masa na'urar sanyaya mai ba, gyaran da zai biyo baya ya isa ya sayi ƙaramar mota. Idan mai sayarwa ya ce ta kai doki 800, tambaye shi ko an buɗe injin an sauya sandunan fistin, kuma ya nuna rasit. Gidajen ƙari irin su Litchfield a Ingila, AMS a Amurka da HKS a Japan sun daɗe a kan wannan motar, aikinsu yana zuwa da takarda. An daina ƙera ta a 2025, saboda haka masu tsabta farashinsu ba zai sauko da wuri ba.

Porsche 911 Turbo ta fi ta tsada, kuma a ganina ta fi ta cancantar kuɗin idan aljihu zai ɗauka. Tsarinta a takarda ba ya alamta zaman lafiya: inji a can bayan tayoyin baya, gaba ba nauyi, tazarar gatari gajeriya. Amma Porsche ta shafe shekaru tana maganin wannan. Samfurin 997 na 2006 yana da doki 480 da gudun 310. A samfurin 991 na 2013 aka kawo leɓen gaba mai fitowa da kansa, da fiffiken baya mai tashi, da tayoyin baya masu ɗan karkata tare da na gaba idan gudu ya yi yawa, abin da ke sa motar ta zauna kamar ta fi haka tsawo. Turbo S ta samfurin 992 ta fito da doki 650 da gudun 330. Motar da aka gina don 310 ko 330, idan aka ƙara mata kaɗan, ba a fitar da ita daga muhallinta ba. Abu ɗaya nake roƙon mai saye ya duba da idonsa: cewa leɓen da fiffiken suna aiki. Wasu kan cire su su kafa babban fiffike tsayayye irin na tsere ba tare da sun daidaita gaba ba. Baya ya danne, gaba ya ɗaga, sitiyari ya mutu a hannu, ga kuma gudun ƙarshe ya ragu.

BMW M3 da M4 su ne zaɓin mai hankali da kuɗinsa. Kamfanonin Jamus irin su BMW sun saba kulle motocinsu a 250, don haka ƙarin farko da ake yi musu cire wannan kullin ne. Samfurin F80 da F82 na 2014 doki 431 ne, BMW da kanta takan buɗe shi zuwa 280 ga wanda ya biya. Sabon samfurin G80 mai doki 510 ana buɗe shi zuwa 290, kuma akwai mai jan tayoyi huɗu. Wannan adadi na kamfani shi ne iyakar da zan amince da ita, domin a kansa aka gwada taya da sanyaya inji. A kan F80 da aka ɗaga wa ƙarfi, makanikai sun san matsalar cibiyar da ke gaban kuranshaf, wadda takan zame ta rikita lokacin inji. Ka tambaya ko an ɗaure ta. Ka kuma sani tayoyin baya kaɗai ke jan F80, a jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta yafe kuskure.

Toyota Supra iri biyu zan duba a nan. Tsohuwar, A80, an ƙera ta daga 1993 zuwa 2002, kuma injinta 2JZ mai gangar jikin baƙin ƙarfe ya yi suna wajen jure ƙarfin da ya ninka na kamfani. Ina son motar nan, amma mafi ƙuruciyarta ta haura shekara ashirin. Robobin ƙafa sun gaji, ba ta da na'urorin ceto irin na yanzu, kuma babban turbo guda da ake yawan ɗora mata yakan kawo ƙarfi farat ɗaya. Yawancin na kasuwa daga Japan suke, sitiyari a dama, kulle a 180, alhali Najeriya ta koma tuƙi a gefen dama na hanya tun 1972 kuma doka ba ta yarda da irin wannan sitiyarin ba. Sabuwar ta 2019 injin BMW B58 ne a cikinta, a Graz ta ƙasar Ostiriya aka harhaɗa ta, an kulle ta a 250. Tana karɓar ƙari cikin sauƙi, sai dai tazarar gatarinta mita 2.47 ce, an yi ta don shan kwana fiye da doguwar miƙa.

Kowacce ka zaɓa, ka tsuguna ka karanta jikin taya kafin ka buɗe bonet. Harafin ƙarshe shi ne iyakar gudunta: V na nufin 240, W 270, Y 300, Y a cikin baka kuma sama da 300. Mota mai doki 700 a kan taya W iyakarta 270, komai dillali ya faɗa. Lambobi huɗun ƙarshe na layin rubutun da ya fara da DOT mako da shekarar ƙira ne, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta tsufa ko aka taɓa yi mata faci ba ta da wuri a wannan gudun. Ka duba cin tayar ma. Idan gefen ciki ya cinye, an karkatar da ƙafafun don ado ko an sauke motar fiye da kima, kuma motar da aka sauke har shakazoba ta rasa wurin motsi tsalle take yi idan ta taka tudu. A 300 mota tana cin mita 83 a daƙiƙa guda, ƙarfin da birki zai kashe kuma ya ninka na gudun 100 sau tara. Man birki yana shan danshi: DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, wanda ya jiƙe kuwa yana iya saukowa zuwa 155, feda ta nutse ƙasa.

Kada ka karɓi adadin maleji. Dokar Turai ta yarda allura ta nuna fiye da gaskiya har kashi goma cikin ɗari da ƙarin kilomita huɗu, kuma sauya girman taya yana ƙara rikita ta. Ka nemi awon GPS. Idan motar daga Jamus take, ka nemi shaidar cewa an shigar da ƙarin a takardunta bayan binciken TÜV, masu duba lafiyar motoci a can, wannan ita ce kariya mafi ƙarfi da mai sayen na hannu zai samu.

Sai batun mai, wanda ya shafi duk mai niyyar sauke irin wannan motar a Legas ko Kwatano. Galibin ƙarin da ake yi a Turai an lissafa shi ne a kan fetur mai ƙarfin lamba 98 a ma'aunin octane da iska mai sanyi. Fetur ɗin gidajen manmu bai kai haka ba, ga zafin Afrilu a kai. Inji zai riƙa ƙwanƙwasa, kwamfuta ta ja ƙarfi baya, in ta gaza fistin ya narke. Ka sa a mayar da lissafin daidai da man da za ka samu tun kafin a ɗora ta a jirgi. Iyakar ƙananan motoci a manyan hanyoyin Najeriya 100 ce, kuma hanyar da tirela ke fakin a gefenta, shanu suna tsallakawa, ba wurin gwada ko ɗaya daga cikin motocin nan ba ne. Ko a Autobahn, manyan hanyoyin Jamus, inda wasu sassa ba su da iyaka, shawarar hukuma 130 ce, kamfanoni kuwa a rufaffen fili irin zoben Nardò na Italiya suke gwajinsu.

Da kuɗina ne, zan ɗauki 911 Turbo samfurin 991 da aka taɓa kwamfutarta kaɗan aka bar bodinta yadda yake. In bai kai ba, GT-R mai rasit ɗin gyaran giya, sannan M3 da BMW ta buɗe da kanta.